Julius von Sachs

Julius von Sachs (an haife shi ranar 2 ga Oktoba, 1832, ya mutu ranar 29 ga Mayu, 1897) masanin ilimin tsirrai ne ɗan ƙasar Jamus. Ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya kafa ilimin aikin jikin tsirrai na zamani, wato binciken yadda shuka ke samun abinci, da yadda take shan ruwa, take girma, take karkata zuwa haske ko zuwa ƙasa. Ya koyar a Jami'ar Würzburg daga 1868 har mutuwarsa. Da yawa daga cikin gwaje-gwajen da ɗaliban sakandare ke yi a darasin bayoloji, kamar gwajin sitaci a ganye da ruwan aidin, da rainon tsiro a ruwan sinadarai ba tare da ƙasa ba, da sa wa saiwa alama da tawada don auna girmanta, daga hannunsa suka fito ko kuma shi ya daidaita su har suka zama abin koyarwa.

Rayuwar farko da karatu

An haifi Sachs a birnin Breslau, a yankin Silesiya na daular Prusiya. Yau birnin yana cikin ƙasar Poland, ana kiransa Wrocław. Mahaifinsa mai sana'ar sassaƙa zane ne a kan ƙarfe, kuma gidan na talakawa ne masu 'ya'ya da yawa. Daga wurin mahaifin ya koyi zane tun yana yaro, kuma wannan fasaha ce ta fara buɗe masa ƙofa. Ya shiga makarantar sakandare a Breslau a 1845, sai dai iyayensa biyu sun mutu a ƙarshen shekarun 1840, kafin ya gama, ya zama maraya ba mai ɗaukar nauyin karatunsa.

A makaranta ya yi abota da 'ya'yan Jan Evangelista Purkyně, shahararren masanin aikin jikin ɗan Adam da dabbobi, wanda a lokacin yake koyarwa a Breslau. Da Purkyně ya koma Prag, sai ya kira Sachs a 1851 ya zama mataimakinsa, yana zana masa abin da ake gani a na'urar ƙara girman ƙananan halittu. A gidan Purkyně ya zauna. A can ya kammala sakandare, ya shiga Jami'ar Prag, ya sami digirin digirgir a 1856. A 1857 jami'ar ta ba shi izinin koyar da ilimin aikin jikin tsirrai, fannin da a wancan zamani ba shi da kujera ta kansa a jami'o'i. Yawancin masana tsirrai na lokacin aikinsu tara ganyaye ne, su busar, su raɗa musu suna, su rarraba su dangi-dangi. Sachs ya yi gwaje-gwajensa na farko a ɗakin da yake kwana, da kayan da ya harhaɗa da kansa.

Aiki

A 1859 ya sami aiki a makarantar koyon aikin gona da gandun daji ta Tharandt, kusa da Dresden, a ƙarƙashin masanin kimiyyar noma Julius Adolph Stöckhardt. A 1861 ya ɗan yi aiki a Chemnitz, a shekarar kuma ya koma makarantar aikin gona ta Poppelsdorf kusa da Bonn, inda ya yi shekara shida. A 1867 ya zama farfesa a Freiburg, ya gaji Anton de Bary. Bayan shekara ɗaya ya koma Würzburg a ƙasar Bavariya. Manyan jami'o'i da dama sun neme shi daga baya, ya ƙi tashi. A 1877 Sarkin Bavariya ya ba shi lambar girma da ta ƙara kalmar von a sunansa.

Rainon tsiro a ruwa

Har tsakiyar ƙarni na 19 ana gardama a Turai kan abin da shuka ke ci daga ƙasa. Wasu na ganin ruɓaɓɓen ganye da taki take tsotsa kai tsaye. Justus von Liebig ya kawo hujja a 1840 cewa gishirin ma'adinai ne kawai take ɗauka ta saiwa, sauran jikinta kuma daga iska da ruwa take gina shi. Matsalar ita ce ƙasa cakuɗe take da abubuwa barkatai, ba yadda za a cire sinadari ɗaya a bar sauran.

A Tharandt, tsakanin 1859 da 1860, Sachs ya fitar da ƙasar daga lissafi gaba ɗaya. Ya riƙa tsirar da iri, ya dasa tsiron a bakin kwalba, saiwar na lilo cikin tataccen ruwa da ya narkar da gishiri kala-kala a ciki da awo: masu ɗauke da naitirojin, fosforas, fotasiyam, kalsiyam, magniziyam da salfa, da ɗan ɗigon gishirin ƙarfe. Masara da wake sun girma a wannan ruwa har suka yi fure suka ba da iri. Daga nan hanya ta buɗe. Idan aka haɗa ruwan babu naitirojin, tsiro ya tsumbure, tsofaffin ganye su yi rawaya. Idan babu ƙarfe, sababbin ganye su fito fari-fari, da an ƙara ɗigon ƙarfen kuma su koma kore. Wilhelm Knop, wanda ke aiki a Möckern kusa da Leipzig, yana irin wannan bincike a daidai lokacin, kuma sun yi ta-in-ja kan wanda ya riga wani. Haɗin Knop ne ya fi shiga littattafan makaranta, shi ya sa ɗalibai suka fi jin sunansa a wannan babi. Noman kayan lambu a ruwa da ake yi yau, da fahimtar abin da haruffan NPK ke nufi a buhun takin zamani, duk suna da tushe a wannan aiki.

A shekarun nan ya kuma shuka taba a ƙasa iri daban-daban, ya daina ba ta ruwa har ta yi yaushi, sannan ya auna ruwan da ya rage a ƙasar. Ya gano cewa yashi yana sakar wa saiwa kusan duk ruwansa, amma ƙasa mai laka ko mai ruɓaɓɓen ganye tana riƙe wani kaso da shuka ba ta iya ƙwata. Ya kuma binne gogaggen dutsen mabul a ƙarƙashin tukunyar shuka, bayan wani lokaci ya tono shi ya ga sawun saiwoyi a jikinsa, alamar cewa saiwa tana fitar da abu mai tsami da ke narkar da dutse.

Tsirowar iri da zafi

Sachs ya bi diddigin abin da ke faruwa cikin iri daga ranar da ya jiƙa har ya fitar da ganye. Ya yanka iri siriri-siriri a kowane mataki, yana ɗiga sinadarai don ya ga inda sitaci, sukari, mai da furotin suke, da inda suke komawa. Ya yi wannan da wake a 1859, da hatsi da ƙwallon dabino a 1862. A 1860 ya nuna cewa kowane iri yana da ma'aunin zafi uku: mafi ƙaranci wanda ƙasa da shi ba zai tsiro ba, mafi dacewa, da mafi yawa wanda sama da shi tsirowa ke tsayawa. Alkama na tsirowa a sanyin da masara ba za ta motsa ba. Manomin rani a ƙasar Hausa da ke jiran hunturu kafin ya shuka alkama ya san wannan a aikace, Sachs kuwa ya sa masa lamba a ma'aunin zafi.

Sitaci a cikin ganye

Wannan shi ne aikinsa da ya fi shahara. Kafin zamaninsa an riga an san wasu abubuwa. Joseph Priestley ya nuna a farkon shekarun 1770 cewa tsiro yana gyara iskar da kyandir ya ɓata. Jan Ingenhousz ya nuna a 1779 cewa sai da haske hakan ke faruwa, kuma koren sashen tsiro ne ke yi. Jean Senebier da Nicolas-Théodore de Saussure sun nuna cewa ganye yana shaƙar iskar kabon-dayoksaid, kuma ruwa yana shiga cikin aikin. Tun 1814 kuma an san cewa aidin yana mai da sitaci shuɗi mai duhu, Hugo von Mohl ma ya ga ƙwayoyin sitaci a cikin koren ƙwayoyin ganye. Abin da ba a sani ba shi ne alaƙar waɗannan abubuwa, wato me ganye ke yi da iskar da ya shaƙa.

A 1862 Sachs ya nuna cewa tsiron da aka raina a duhu ba ya da sitaci a ganyensa, kuma da an fito da shi haske, ya yi kore, sitaci yake bayyana a cikin ƙwayoyin nan masu ɗauke da kulorofil. A 1864 ya ƙara da cewa idan aka mai da koren ganye duhu na kwana biyu ko uku sitacin yana ɓacewa, idan aka dawo da shi haske kuma ya sake taruwa. Ya yanke hukunci cewa sitaci shi ne abu na farko da ido ke iya gani daga cikin abin da ganye ke ƙerawa, kuma da dare ana narkar da shi ya zama sukari a kai shi saiwa, kara, fure da 'ya'ya. Emil Godlewski, ɗan Poland da ya yi aiki a ɗakin gwajinsa, ya nuna a 1873 cewa idan aka cire kabon-dayoksaid daga iskar da ke kewaye da ganye, sitaci ba ya samuwa ko da akwai haske.

Da farko duk wannan a ƙarƙashin na'urar ƙara girma ake gani. A 1884 Sachs ya wallafa hanyar gwada ganye sukutum, kuma ita ce ake yi a makarantu har yau. Ana tsoma ganyen a tafasasshen ruwa don a kashe ƙwayoyinsa, sinadarai su sami shiga. Sai a sa shi a barasa mai zafi ta tsotse koren launin har ganyen ya yi fari, domin koren zai rufe canjin launin da ake nema. Barasar tana sa ganye ya bushe ya yi ƙarau, don haka ake mai da shi ruwan ɗumi ya yi laushi. Daga nan a shimfiɗa shi a ɗiga aidin. Inda akwai sitaci zai yi shuɗi mai kusan baƙi, inda babu zai tsaya ruwan ƙasa-ƙasa. Idan aka rufe wani sashe na ganyen da baƙar takarda ko siririn ƙarfe tun yana jikin shuka, siffar abin da aka rufe da shi za ta fito sarai bayan gwajin.

A wannan rubutu na 1884 ya kawo wata dabara ta auna yawan abincin da ganye ke haɗawa. Da asuba ya yanke rabin ganye, misali na kabewa, ya busar da wani yanki mai sanannen faɗi ya auna nauyinsa. Da yamma ya yi haka da ɗaya rabin da ya wuni a rana. Bambancin nauyin shi ne kusan ribar wunin.

Sachs bai yi amfani da kalmar fotosintesis ba, domin sai a 1893 Ba'amurke Charles Barnes ya ƙirƙiro ta. An kuma gano daga baya cewa sukari ne ke riga sitaci samuwa, sitacin ajiya ne. Melvin Calvin da abokan aikinsa ne suka warware matakan a shekarun 1940 da 1950. Wannan bai rushe maganar Sachs ba, tunda shi abin da ake gani ya ce.

Launin haske

A 1864 ya gwada tasirin launukan haske. Ya riƙa rufe tsiro da gilashi mai bango biyu, tsakaninsu ruwan sinadari mai launin lemo ko mai launin shuɗi. Don auna saurin aikin ganye sai ya ƙirga kumfar iskar oksijin da ke fita daga yankakken karan tsiron ruwa a cikin minti ɗaya. Ya ga kumfa ta fi yawa a ƙarƙashin haske mai ja da rawaya, amma karkatar kara zuwa haske a ƙarƙashin shuɗi take faruwa. Ƙirga kumfa ba hanya ce mai cikakken daidaito ba, don girman kumfa yana bambanta, amma sauƙinta ya sa ta zauna a makarantu.

Girma da karkata

A Würzburg hankalinsa ya koma kan girma. Ya ɗauki saiwar wake mai tsirowa ya ɗiɗɗiga mata tawada, tazarar milimita ɗaya tsakanin kowace alama, ya ajiye ta a wuri mai danshi. Washegari alamomin da ke can bakin tsini da waɗanda ke nesa da shi suna nan yadda suke, waɗanda ke ɗan bayan tsinin kuwa sun yi nisa da juna. Ke nan a wannan ɗan yanki saiwa ke miƙewa. Ya kuma nuna cewa kowane sashe yana fara girma a hankali, ya yi sauri, ya lafa, ya tsaya. Don bin girman kara dare da rana ya ƙera oksanomita mai rubuta sakamako da kanta: zare daga kan tsiro ya bi ta kan ƙaramar gargare, gargaren na motsa dogon hannu, hannun na zana layi a jikin ganga mai juyawa da ƙarfin agogo.

Tun 1806 Thomas Andrew Knight a Ingila ya ɗaura iri a jikin ƙafar da ruwa ke juyawa da sauri, ya nuna cewa ƙarfin jan ƙasa ne ke sa saiwa ta nufi ƙasa, kara ya nufi sama. Sachs ya ɗauki hanyar da ta saɓa. Ya ƙera na'urar da ke juya tsiro a kwance a hankali ƙwarai, ta yadda kowane gefe zai fuskanci ƙasa na lokaci daidai da na sauran. Tsiron da ke kanta yana ci gaba da girma a miƙe, ɗan'uwansa da aka kwantar ba juyi kuwa yana lanƙwasa. Ya raɗa mata suna kilinostat a 1879. Masu binciken yadda tsirrai za su rayu a sararin samaniya suna amfani da ita har yanzu.

A 1872 ya cika rariya da jiƙaƙƙen garin katako, ya shuka iri a ciki, ya rataye ta a karkace. Saiwoyin sun leƙo ta ramukan, amma maimakon su ci gaba da sauka cikin busasshiyar iska, sai suka lanƙwasa suka manne wa jiƙaƙƙen gindin rariyar. Wannan shi ne gwajin da ake nuna bin danshi da shi.

Inda ya yi kuskure

Sachs mutum ne mai kafiya, kuma ba ya sassauta wa wanda ya saɓa masa. Ya dage cewa ruwa yana hawa bishiya ta cikin bangon ƙwayoyin itace, ba ta ramin bututunsu ba. Wannan ra'ayi ya faɗi, musamman bayan Henry Dixon da John Joly sun kawo bayani a 1894 cewa tururin da ke fita ta ganye ne ke jan zaren ruwa ta cikin bututun.

Rigimarsa da Charles Darwin ta fi wannan tsami. Francis, ɗan Darwin, ya yi aiki a ɗakin gwajin Würzburg a 1878 da 1879. A 1880 uba da ɗa suka fitar da littafi kan motsin tsirrai, inda suka nuna cewa tsinin saiwa ne ke jin jan ƙasa, ya aika saƙo zuwa yankin da ke lanƙwasa, don idan aka yanke tsinin saiwa ba ta karkata. Sachs ya yi watsi da sakamakon, yana ganin aikin gida ne na waɗanda ba su ƙware ba, ya kuma sa mataimakinsa Emil Detlefsen ya maimaita gwajin don ya ƙaryata shi. Su Darwin ne ke da gaskiya. A 1900 Bohumil Němec ya nuna cewa a cikin hular saiwa akwai ƙwayoyi masu nauyi da ke gangarawa gefen da ke ƙasa, kuma ƙwayoyin nan na sitaci ne, abin da Sachs ya fi kowa sani.

A wani hasashen kuma ya riga zamaninsa. Ya ce ganye yana haɗa wasu sinadarai 'yan kaɗan da ke tafiya cikin tsiro su sa a yi fure ko saiwa. Bai iya ware su ba. Sai a ƙarshen shekarun 1920 Frits Went ya tsamo sinadarin girma na farko, wanda aka sa wa suna oksin.

Littattafai da ɗalibai

Manyan littattafansa huɗu ne: Handbuch der Experimental-Physiologie der Pflanzen (1865), kan gwaje-gwajen aikin jikin tsirrai, Lehrbuch der Botanik (1868), littafin koyarwa da aka fassara zuwa Turanci a 1875, Geschichte der Botanik (1875), tarihin ilimin tsirrai, da Vorlesungen über Pflanzenphysiologie (1882), laccocinsa, waɗanda aka fassara a 1887. Yawancin zanen da ke cikinsu shi ya yi da hannunsa, kuma marubuta da yawa sun kwafe su shekara da shekaru.

Ɗakin gwajinsa ya tara masu bincike daga ƙasashe da dama. Wilhelm Pfeffer, wanda ya auna ƙarfin osmosis a 1877, ya yi aiki a wurinsa. Haka Hugo de Vries ɗan Holan, wanda ya binciki yadda ƙwayar tsiro ke motsewa a ruwan gishiri, kuma yana cikin waɗanda suka farfaɗo da aikin Gregor Mendel a 1900. Akwai Karl Goebel, da 'yan Ingila irin su Sydney Vines da Harry Marshall Ward. Waɗannan 'yan Ingila sun koma gida da salon koyarwa ta gwaji, ya shiga jami'o'insu, ya gangara sakandare, daga can ya bi manhajar Ingila zuwa ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka.

Mutuwa

Shekarunsa na ƙarshe sun zo da rashin lafiya da kaɗaici, ya kuma ɓata da da yawa daga cikin tsofaffin abokan aikinsa. A 1888 ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society da ke Landan ta zaɓe shi mamba daga ƙasar waje. Ya mutu a Würzburg yana da shekara 64. Cibiyar nazarin tsirrai ta jami'ar tana ɗauke da sunansa.

Gwaje-gwajensa a makarantun Najeriya

Hukumar WAEC, da aka kafa a 1952, da NECO, da aka kafa a 1999, duka suna da takardar aikin gwaji a jarrabawar bayoloji, kuma littattafan sakandare na ƙasar suna ɗauke da gwajin sitaci, rainon tsiro a ruwa, kilinostat da oksanomita, galibi ba tare da ambaton sunan Sachs ba. Malaman da ke koyar da su a Arewa da yawa sun fito daga kwalejojin ilimi, ciki har da tsohuwar kwalejin tarayya ta Gyallesu a Zariya, wadda aka buɗe a 1962 don horar da malaman sakandare.

Yawancin gwaje-gwajen ba sa bukatar kaya masu tsada. Wake da masara suna tsirowa cikin 'yan kwanaki a jiƙaƙƙen auduga ko garin katako, kuma saiwar wake tana da kaurin da za a ɗiga mata tawada. Gwajin sitaci yana bukatar aidin, sipirit, tukunyar ruwan zafi da farin faranti. Akwai wurare uku da ɗalibai suka fi tuntuɓe. Na farko, rashin ajiye shukar a duhu na awa 24 zuwa 48 kafin a fara, wanda ke sa tsohon sitaci ya ɓata sakamakon, har sashen da aka rufe ya yi shuɗi. Na biyu, ɗora sipirit kai tsaye a kan wuta. Yana kama wuta nan take, kuma ba a ma bukatar hakan, tunda barasa tana tafasa a kusan digiri 78 na ma'aunin Selsiyus: a kashe wutar, a tsoma bututun sipirit cikin ruwan da ya tafasa, zai yi aikinsa. Na uku shi ne zaɓen ganye. Na wake, na dankali da na rama suna tara sitaci sosai. Albasa kuwa a matsayin sukari take ajiye abin da ganyenta ya haɗa, don haka ko ta wuni a rana aidin ba zai mai da ganyenta shuɗi ba.